Gasasshen Katako

Da likita ya ce Baba ya fara dogara sanda, sai ya nufi shagon 'yarsa, wadda ta gāji sana'arsa ta kafinta. Idonsa ya faɗa kan wani katako mai launin zuma.

"Uwata, da wannan za ki yi mini."

"Baba, wannan gasasshe ne. A tanda aka sa shi har danshinsa ya fita. Ba ya kumbura, ba ya saurin ruɓewa, amma ya yi gautsi. Ka jingina da ƙarfi, sai ya karye ba sallama."

Baba ya ɗaga shi, ya ji ba nauyi, ya yi dariya. "Ashe ɗan'uwana ne. Mun sha wuta, mun bushe."

Ta kawar da kai don kada ya ga idonta.

Ta sassaƙa sandar da katakon da ba a gasa ba. Gasasshen kuwa ta yi masa benci a ƙofar gida, tana huda rami kafin kowace ƙusa don kada ya tsage. Damina ta wuce, bencin bai ko gezau ba. A kansa Baba yake shan hantsi, yana gaya wa masu wucewa cewa aikin 'yarsa ne.