Ƙaramin Farantin da Sharafaddeen Ya Cire

Sharafaddeen ya fi shekara ashirin yana taka keke a Kasuwar Umdurman ba tare da ya gusa daga inda yake ba, domin keken na ɗinki ne. Jallabiyya yake ɗinkawa a wani ɗan shago da ke layin masu yadi, kuma saboda wuta ba ta zama, bai taɓa rabuwa da tsohon kekensa na ƙafa ba. Daga nan ya samo wani ra'ayi game da kansa, wai duk Umdurman babu mai ƙarfin sharaɓa irin tasa. Tumbin da ke riga shi shiga ɗaki kuwa, bai sa shi a lissafi ba.

Likita ce ta tuna masa da shi. Ta ce sukari ya fara leƙowa, ko dai ya motsa jiki ko ya shirya sabawa da allura. Da ya kai kuka wurin amininsa Muntasir, wani malamin sakandare da ke zaune a unguwar Alsahafa ta Khartoum, sai Muntasir ya ja shi cikin ƙungiyarsu ta masu hawan keke. Wannan kafin yaƙi ne, lokacin da mutum zai iya ƙetare gada da sassafe babu mai tambayarsa ina za shi.

Duk Juma'a suke haɗuwa a bakin Nilu, su ɗan zaga gari, sannan su zube a kujerun wata mai shayi. Sharafaddeen bai daɗe ba ya gane cewa baiwarsa ta fi ƙarfi a ɓangaren shayin. Da aron baƙin keken maƙwabcinsa yake zuwa, kullum shi ne na ƙarshe, amma da zarar an zauna babu mai kamo shi. Ya kalli bidiyon keke a waya har matarsa Saratu ta ce ko da yana neman aurenta bai ƙura wa fuskarta ido haka ba. A bakin wasu samarin Kano da ke cikin bidiyon ya tsinci kalmomi irin su firam da giya da kariya, ya riƙa jefa su cikin Larabcinsa kamar da su aka haife shi.

Da aka fara maganar doguwar tafiya a lokacin sanyi, shi ya kawo shawarar a nufi Jazira, yankin gonaki da ke kudu da Khartoum. Yana da goggo a can, Kubra, ƙanwar mahaifinsa, a wani kambo gaba da Kamlin, irin unguwannin nan na ma'aikatan gona inda kakanninsa suka yi tsinkar auduga. A tafi ran Juma'a, a kwana, a dawo Asabar. Kowa ya ce tamam, ya yi daidai. Saura Sharafaddeen ya samu keke nasa na kansa.

Nan aka buɗe muhawara a kan firam, wato gangar jikin keken. Mazin, wani akanta mai siririn jiki, ya ce alminiyam ya fi, ga rashin nauyi, ba ya tsatsa.

"Ya zol, kai mutumin nan, alminiyam ai na tukunya ne," in ji Sharafaddeen. "In ya tsage a tsakiyar Jazira wa zai liƙe maka? Ƙarfe kuwa, kowane ƙauye akwai mai walda. Kuma ƙarfe yana shanye gargada, yana ɗaukar kaya. Keken tafiya raƙumi ne, ba dokin sukuwa ba."

A wannan dai ya yi gaskiya, har Muntasir ya gyaɗa kai, abin da ya ƙara lalata shi ke nan.

Sun sami firam ɗin a Alsahafa, rataye a shagon wani mai gyaran keke da ake kira Haliru. Na wani Bature ne da ya taso daga Alƙahira da niyyar ratsa Afirka, zazzaɓi ya juya shi gida daga Khartoum. Kore ne shar, na ƙarfe, da ramukan ɗaura kariya gaba da baya. Sharafaddeen ya zaro tef ɗinsa na awo daga aljihu, ya auna firam, ya auna ƙafarsa, ya ga Baturen nan ya fi shi tsawo nesa ba kusa ba. Mutumin da bai taɓa barin kowa ya fita shagonsa da rigar da ta yi masa yawa ba, sai ya naɗe tef ɗin a hankali ya mayar aljihu.

"Ya yi maka girma," in ji Muntasir.

"Na auna."

"Na ga ka auna. Me awon ya ce?"

"Ya ce a sauke sirdi."

Haliru, da ya gaji da ganin abin a rataye, ya rantse kamar don shi aka ƙera.

Keken ya zo da faranti uku a gaba, waɗanda sarƙa ke hawa. Babban na gudu ne, yana son ƙarfi. Na tsakiya na tafiyar yau da kullum. Ƙaramin kuwa shi ke sa feda ta yi laushi in an zo hawa ko an yi lodi, ƙafa ta yi ta juyawa keke na rarrafe. Ranar da Sharafaddeen ya kai keken bakin Nilu, Mazin ya durƙusa ya leƙa, ya ce, "Ma sha Allah, har da farantin tsofaffi. Ammu Sharaf, kawunmu, wannan ko bango ka ga dama ka hau."

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Amma kalmar ta bi shi har gida, ta zauna masa a wuya kamar ƙayar kifi. Washegari ya koma wurin Haliru ya sa aka cire ƙaramin farantin, aka kuma canja haƙoran baya da wasu ƙanana irin na 'yan tsere. Da Muntasir ya gani, ya riƙe baki.

"Jazira shimfiɗe take kamar tabarma," Sharafaddeen ya ce masa. "Ina tudun? Ni da nake taka feda tun kana firamare."

"Fedar ɗinki."

"Feda dai feda ce."

Ranar tafiya suka bar Khartoum bayan sallar asuba, su bakwai, suka miƙi hanyar Madani. Sai ga abin mamaki: Sharafaddeen ne a gaba. Ya ɗora sarƙa kan babban faranti, keken nan ya riƙa tafiya kamar ana jan sa da igiya. Ya wuce Mazin, ya wuce wata raksha mai ƙafa uku, har ya samu sararin waiwayowa ya yi wa jama'a lacca a kan ƙarfe. Ya ga bishiyoyin bakin hanya duk sun sunkuya sun fuskanci kudu, ya ga ledoji na tsere da shi, amma bai kawo komai a ransa ba. Shi a ganinsa sharaɓa ce ta fara biyan wahalar shekaru. Matsala ɗaya ce: duk inda aka tsaya, sai ya karkata keken gefe ya dira da ƙafa ɗaya, don in ya sauko tsaye sandar firam ɗin za ta gaishe shi a inda ba a faɗa.

La'asar ta same su a kambo. Goggo Kubra, tsohuwa ƙaramar halitta mai kaifin murya, ta sa aka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin dalbejiya, aka kawo kisra, wato siririyar wainar dawa, da miyar kuɓewa, da godogodo na gero mai sanyi don sha. Ita Hausarta ta mutanen da ce, ba ta gauraya ta da Larabci sai dole. Ta dubi ɗan wanta sama da ƙasa.

"Sharafu, duk motocin birni sun ƙare ne? Me ya ba ka ƙarfin zuwa nan a kan wannan abu?"

"Giya ce, Goggo," ya ce yana murmushi. "In mutum ya san giyar da ta dace da shi, ba ya jin tafiya. Ni babbar nake sawa tun daga Khartoum."

Tsohuwa ta ajiye ludayi. Ta yi salati, ta sake yi, ta ce ashe abin da birni ya mayar da jikan Malam ke nan, har yana faɗa da bakinsa a gaban baƙi. Sai da Muntasir, yana dariya har da hawaye, ya jawo keken ya nuna mata haƙoran ƙarfen ɗaya bayan ɗaya, sannan ta yarda. Duk da haka ta matso ta shinshina bakin Sharafaddeen.

Don ya wanke kansa, sai ya shiga yabon keken. Ya ce wannan ƙarfe ne na gaske, ba irin gwangwanayen abokansa ba. Buhun dawa ma in aka ɗora masa ba zai ji ba. Goggo Kubra ta saurara da kyau.

Da safe ya fito ya tarar da keken ya yi ciki. An ɗaure masa rabin buhun albasa a kariyar baya, da ƙullin busasshiyar kuɓewa, da gero, da bokitin dakwar gyaɗa. A gaba kabewa biyu, ɗaya kowane gefe. Can ƙoli kuma, cikin kwando, wani jan zakara yana kallon duniya da ido ɗaya.

"Na Saratu ne," in ji Goggo. "Na so in ƙara, sai na ce kada in cika maka."

Sharafaddeen ya dubi abokansa. Kowannensu ya sami wani abu mai muhimmanci da zai duba a tayarsa.

Suna hawa kwalta suka juya arewa, iska ta tare su. Ita ce dai ta jiya, wadda ta turo shi tun daga Khartoum yana karɓar yabo, ba ta je ko'ina ba, tana nan tana jiransa. Ya sauke sarƙa zuwa farantin tsakiya. Ya danna giyar baya har ta ƙure. Ya sake dannawa ko Allah zai sa a samu wata a ɓoye, babu. Sauran suka koma ƙananan farantansu, ƙafafu na juyawa a sauƙaƙe, suka yi ta ƙanƙancewa a gabansa har suka ɓace. Muntasir kaɗai ya rage, yana tafe a gefensa, ya kuma yi masa alherin rufe baki.

Kowace takawa sai ya miƙe tsaye ya ɗora duk nauyinsa, har ya gode wa Allah da bai rage tumbin ba. Gwiwoyinsa suka fara ƙara irin ta tsohuwar ƙofa. Wani amalanken jaki ɗauke da ciyawa ya zo ya wuce su, mai jakin ya yi sallama cikin ladabi, zakara ya amsa.

Wajen hantsi ya tsaya a wata rumfar shayi, ya manta da maganar karkatawa, ya sauko tsaye. Ya daɗe a sunkuye yana kallon ƙasa. Da ya samu magana, sai ya ce ai sadaka a kan hanya tana da lada, ya kwance kabewa ɗaya ya ba mai shayin. A rumfa ta gaba ɗayar ta tafi. Albasa kuwa ya yi ta rabonta kamar mai neman ƙuri'a, har wata mata ta bi shi da addu'ar Allah ya ba shi kujerar da yake nema.

Bai taimaka sosai ba. Bayan azahar yana tura keken da hannu, Muntasir na tura nasa don kara.

"Ka faɗa mana," in ji Sharafaddeen.

"Me zan faɗa?"

"Abin da ke bakinka tun safe."

"Firam ɗin dai bai karye ba," Muntasir ya ce. "A nan ka yi gaskiya."

Sharafaddeen ya fashe da dariya har sai da ya zauna a bakin hanya. Daga zaunen ya ɗaga wa wata motar tumatir hannu. Aka ɗora shi a baya shi da keke da zakara, Muntasir kuwa ya ce shi zai ƙarasa a kan kekensa. Motar ta wuce sauran 'yan ƙungiya kusa da Soba, gab da shiga Khartoum. Ya yi niyyar kwanciya a bayan akwatuna, sai ya ga babu amfani, kwandon zakaran ya riga ya tona shi. Ya ɗaga musu hannu kamar shugaba na duba fareti, Mazin ya sara masa.

A Umdurman ya roƙi direba ya sauke shi nesa kaɗan da gida, ya hau, ya shiga layinsu a kan keke yana amsa gaisuwar maƙwabta da kai, don murya ta ƙare. Saratu ta tarbe shi a tsakar gida, ta ba shi ruwa, ta shiga kwance kaya, sai ta kira shi da sunan 'yarsu kamar yadda ta saba.

"Abu Hadil, ina kabewar?"

"Wace kabewa?"

"Guda biyu. Goggo ta kira tun safe. Ta ce da albasa rabin buhu. Wannan ko miyar kwana biyu ba za ta yi ba."

"Hanya ta ci," ya ce, ya kwanta rub da ciki a kan tabarma, domin zama ya haramta gare shi.

A haka wayar Saratu ta yi ƙara. Ta duba, ta kara masa a kunne tana danne dariya.

"Sharafu, kun isa lafiya?" Muryar Goggo Kubra ta cika tsakar gidan. "Keken bai ba ka wahala ba?"

"Ko kaɗan, Goggo."

"Madalla. Ai na faɗa wa mutane irin ƙarfinsa. Akwai ɗan rago da na ware wa Saratu, in ka dawo sai ka tafi da shi."

Sharafaddeen ya rufe ido, ya ji gwiwoyinsa na bugawa kamar zuciya.

"Goggo, ki bar shi ya ƙara girma tukuna," ya ce. "In ya yi ƙwari sai ya tako da kansa, ni zan tare shi a gada."