Wasiyyar Mai Awon Gulbi

"Riƙe ni da kyau, Lawwali. So nike in ga lambar da idona."

Na ƙara tallafe shi ta hammata. Malam Sahabi, maƙwabcina na shekara ashirin da biyu, ya rame har ina jin haƙarƙarinsa ta cikin riga. Muna tsaye a bakin gulbi, ƙasa da gadar Bungudu, da hantsi. A jikin ƙafar gadar akwai dogon allon ƙarfe mai lambobi, kamar tef ɗin da nake auna riga da shi a shagona. Jan ruwa yana ta dukansa.

"Uku da tamanin," ya ce. "Shafa'atu, rubuta. Mita uku da tamanin."

Autarsa ta rubuta a littafi. Sai ya sa ni na jefa karan dawa cikin ruwa. Ya kafe agogon hannunsa da ido har karan ya wuce wani dutse da ya shafa wa farin fenti, sannan ya lumshe ido, leɓɓansa suna motsi.

"Ka san tankar ruwa, irin mai yawo cikin Gusau?"

Na ce na sani.

"Kamar arba'in ke wucewa gabanmu a kowace daƙiƙa."

Na dubi gulbin da na yi wanka a cikinsa tun ina tsirara, na ji kamar ban taɓa ganinsa ba. Kafin in ja numfashi in sauke, tanka ɗari ta wuce. Kuma ba ya ƙara, ba ya haki, tafiyarsa kawai yake yi.

Aikin Malam Sahabi ke nan tun 1985, lokacin da ofishin ruwa ya ɗauke shi mai duba awo. Safe da yamma yakan sauka ya karanta lamba. Ya yi ritaya, bai daina ba. Littattafan suka cika akwatin ƙarfe biyu a ƙarƙashin gadonsa. A unguwa Mai Awo muke ce masa, wasu da girmamawa, wasu da ɗan murmushi.

Shafa'atu tana karatun ƙididdiga a Gusau. Wata huɗu ta yi tana kwashe lambobin nan cikin kwamfuta, bara, kafin ciwon hanta ya kwantar da mahaifinta. Ranar da ta gama ina zaune a zaurensu. Ta nuna mana hoto: ɗigo-ɗigo, kowanne yana nuna inda ruwa ya fi kaiwa a shekara guda. Wani sama, wani ƙasa, kamar an watsa gero. Amma ta ja layi ta tsakiyarsu, layin kuma hawa yake yi, a hankali, ba ya dawowa.

"Baba," ta ce, "ambaliyar da a da ake sa ran gani sau ɗaya cikin shekara hamsin, yanzu lissafi ya kawo ta kusan sau ɗaya cikin shekara sha biyar. Ba tabbas ba ne, amma nan ya karkata."

Ya daɗe yana kallo. "Shekara arba'in ina tare da shi kullum," ya ce, "ban ga shina hawa ba sai yau."

Bayan kwana biyu na gan shi da igiya da gora yana awo a bakin tsohuwar maƙabartarmu, wadda ke gangare, tsakanin gari da fadama. Bai ce wa kowa komi ba sai da jikinsa ya yi tsanani a daminar bana. Sati guda bayan saukarmu gulbin nan, ya aika aka kira ƙanensa, Alhaji Mahadi, daga Tsafe, ya ce ni ma in zauna in zama shaida.

"Gonata ta kan tudu na ba da ita waƙafi, a yi sabuwar maƙabarta. In na cika, can za ku kai ni."

Alhaji Mahadi ya ajiye carbinsa. "Yaya, mi kake faɗi haka? Baba na ƙasa, Inna na ƙasa. Matarka Maijidda na can, ka bar wuri kusa da ita da hannunka."

"Na bari."

"To, gaibu ka sani?"

"Ban san gaibu ba, Mahadi. Allah kaɗai Ya san ranar. Ni dai na auna. Ƙasan maƙabarta daidai take da mita biyar da goma. Shekara ukku da suka wuce ruwa ya kai huɗu da saba'in. Saura kamu biyu."

"Sai a ce kai ka guje ma iyayenka."

"Za a ce. Amma ba wanda zai yarda a fara kai nashi cikin gona shi kaɗai. Dole wani shi fara. In ina can, na bayana ba su jin kaɗaici."

Alhaji Mahadi ya tashi ya fita bai yi sallama ba. Ya kwana a garin, amma bai sake ɗaga maganar ba.

Washegari da la'asar Malam Sahabi ya roƙe ni in kai shi wajen matarsa. Na goya shi a babur, na ɗaure mu da rawani don kada ya zame. Kabarin Maijidda ya kwanta da ƙasa, shekara tara, sai fasasshen tulu a wajen kai. Gefensa ga filin da ya bari, ciyawa ta rufe shi. Ya zauna a ƙasa ya yi addu'a mai tsawo. Daga nan ana jin gulbi, wani irin gurnani can ƙasa-ƙasa wanda ƙafa ke ji kafin kunne.

"Na yi mata alkawari," ya ce, ba tare da ya dube ni ba. "Ta san ni da lissafi. Za ta yi haƙuri."

Ya cire ciyawa biyu uku daga kan kabarin, ya ce mu tafi.

Daga ranar aka shiga ruwan sama ta gabas, wajen Tsafe da Gusau, kwana uku ba ɗagawa. Shafa'atu ce take sauka gada safe da yamma, ta dawo da zani a jiƙe ta durƙusa a kunnensa. Huɗu da goma. Huɗu da talatin da biyar. Yakan gyaɗa kai. Ranar Alhamis da hantsi ta ce masa huɗu da sittin. Ya buɗe ido ya ce, "Ikon Allah." Ya nemi ruwa ya kurɓa, ya yi kalmar shahada, muna amsawa. Ina riƙe da ƙafarsa na ji ta saki.

Da aka gama wanka aka yi masa sutura, masu haƙa suka tsaya a ƙofar gida da diga da shebur suna jiran a ce musu inda za su nufa. Kowa ya dubi Alhaji Mahadi. Idonsa ya yi ja. Ya dubi gangare, ya daɗe.

"Ku hau tudu," ya ce.

Geron da Malam Sahabi ya sa aka shuka ya fi mutum tsawo, ya fara fitar da kai. Sai da muka sare wani sashe muka sami fili. Ƙasar tsakuwa ce, diga tana tartsatsi, muka yi ta karɓa-karɓa. Alhaji Mahadi da kansa ya shiga ramin ya karɓi yayansa, ya juya fuskarsa alƙibla. Muka jera itace, muka mayar da ƙasa. Liman ya yi addu'a.

Ba wanda ya yi saurin tafiya. Ruwan sama ya ɗauke, kuma daga tudun nan ana hango gulbi gaba ɗaya, abin da yawancinmu ba mu taɓa gani ba. Ya shanye fadama, ya shanye gonakin rake, ɗaya gaɓar sai ka ƙura ido. Mutum sama da ɗari muka tsaya muna kallo.

Can tsakiya wata ƙatuwar bishiya ta taho, ruwa ya tumɓuko ta daga wani gari, da ganyenta kore shar. Balbelu bakwai ko takwas suna zaune a rassanta, farare fat, ba wadda ta tashi. Ta juya a hankali, ta bi ta gabanmu, ta yi yamma. Muna tsaye cikin geron har ta ɓace.