Cizo Mai Yatsu Huɗu

Bayan rasuwar Mama, Baba ya samu kujerar bakin taga ya zauna, ya ƙi tashi. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana fesa wa motocin mutane fenti, wanda ba ya wuce ƙofar da ta koɗe bai tsaya ya yi tsaki ba, sai ga shi bangon ɗakinsa na ɓarewa amma ko a jikinsa. Ni ce autarsa, ni kuma na dawo gidan da zama, don haka ni na sha kallon ƙeyarsa. Na yi lallashi, na yi faɗa, yayyena suka yi nasu ta waya, duk a banza.

Maƙwabcinmu Tela ne ya tashe shi, da wani ɗan kifin katako da bai wuce tsawon yatsa ba. Irin wanda ake sassaƙawa a yi masa fenti, a rataya masa ƙugiya a ciki da wutsiya, a jefa a ruwa ana ja, babban kifi ya ɗauka na gaske ne ya kai masa cafka. Tela ya ce suna da ƙungiya, duk Asabar suna haɗuwa a garejin Likita, kowa ya kawo wanda ya yi. Baba ya jujjuya kifin a hannu ya ce duk wanda ya yi wannan fentin ya cancanci ɗauri. Tela ya ce ai shi ne ya yi. Kafin la'asar Baba ya tambaye ni inda na jefa masa bindigar feshinsa.

Daga nan gidanmu ya koma hannun kifayen katako. Sito ya zama ɗakin aiki. Gidan saurona ya fara ramuka, domin ta cikin ragarsa Baba yake fesa fenti ya fitar da zanen ɓawon kifi. Jan farcena ya ƙare a kumatun wani kifi, fankar kicin kuma aka cire mata inji aka haɗa abin da ke juya kifayen a hankali, don kada ruwan ƙyallin da ake shafa musu a ƙarshe ya taru gefe guda. Ranar shafa ƙyalli kuwa ba a shara, ba a suya, ba a buga ƙofa. An taɓa samun silin gashina guda a bayan wani kifi, sai da aka yi kwana da kwanaki ana gaisawa da ni ciki-ciki.

Ina mita, amma a raina daɗi nake ji. Tun ranar Juma'a Baba yake aski, ya goge rigarsa da kansa. Ya fita da akwatinsa ya dawo da dariya da gulmar tsofaffi, har ya nemi ƙarin abinci. Kujerar nan tasa a garejin Likita ita ta dawo mini da ubana, kuma na san haka sarai.

Likita tsohon likitan haƙori ne, shi ne kuma shugaba, saboda garejin nasa ne, butar shayin ma tasa ce. Akwai Tela, akwai Hedimasta, da wasu tsofaffi da suka aje aiki. Suna da tebur mai shimfiɗe da koren ƙyalle inda ake jera kifayen, a yi ta musu a kan ko wannan shuɗin ya yi yawa, ko wancan idon ya yi kama da na mai jin barci. Babu wanda ya taɓa jiƙa ko guda a cikinsu. Hedimasta ma ko gada zai haye sai ya rufe ido. Kowa ya san na Baba sun fi kyau, kowa kuma ya iya yin kamar bai gani ba.

Ana nan lafiya sai surukin Likita ya zo gaisuwa ya leƙa garejin. Ya yaba, ya ɗaga wannan ya aje wancan, sannan ya tambaya cikin ladabi ko suna kama kifi kuwa. Baba ya ce shirun da aka yi har ƙarar tafasar buta sai da aka ji.

Asabar ɗin da ta biyo baya Likita ya zo da kifinsa ɗauke da huji huɗu a jere a gadon baya, ya ce wani ƙaton kifi ne ya cije shi, tsawonsa ya kai hannu, da ƙyar ya kuɓuce. Mako na gaba Tela ya kawo nasa da huji huɗu, kifin da ya cije shi ya kai tsawon ƙafa. Na Hedimasta, mai tsoron gada, saura kaɗan ya ja shi cikin ruwa. Ba a daɗe ba aka kafa doka: kifin da ba shi da cizo ba zai hau koren ƙyalle ba, wanda kuma ya kasa kawo cizo sai ya bar kujera, domin wannan ƙungiyar masunta ce, ba ta masu wasan yara ba.

Ni na san inda kifayen nan masu cizo suke kwana. Matar Tela ta same ni a shagon magani tana ƙorafin cokulanta masu yatsu duk sun karkace. Matar Hedimasta ta ce ita ta kama nata yana gasa cokali a kan gas. Matan duk sun sani, kuma duk sun yarda a bar kaza cikin gashinta, tunda abin yana fitar musu da mazan daga gida ranar Asabar. Na so in gaya wa Baba, amma na ga yadda yake ba da labarin kifin Likita da gaske-gaske, sai na kasa.

Shi kuwa bawan Allah sai ya sayi sandar fatsa ya ce in kai shi ruwa. Akwai wani tafki a bayan gari, bayan an wuce masana'antar bulo. Nan muka riƙa zuwa duk safiyar da ba ni da aiki. Kamun kifin Baba abin kallo ne. Ba ya jefawa kusa da duwatsu kada fenti ya karce, ba ya jefawa kusa da ciyawa kada ya yi datti, wato duk inda kifi yake nan ne ba ya zuwa. Yana jawowa zai goge kifin da hankici ya ɗaga shi a rana ya duba. Kullum haka muke dawowa da shi sumul, kamar amaryar da ba a kai ba. A gareji aka fara tsokanarsa, ana tambayarsa ko kifayen tafkin sun zubar da haƙora ne, a aika musu Likita.

Akwai wanda ya fi so a cikin kifayen katakonsa, mai bayan kore da ciki ruwan azurfa, wanda ya sha wahalarsa fiye da kowanne. Shi ya ɗaura wata safiya, iska ta kwashe jifar ta kai ta gindin wani kututture inda da gangan ba zai taɓa jefawa ba. Yana cikin salati yana ja, sai sandar ta lanƙwashe.

Ban taɓa ganin fuskar Baba haka ba, ko a hotunan aurensu. Zaren na kuka, shi yana ja yana saki, hularsa ta faɗa ruwa bai ko waiwaya ba. Na ga kifin da idona lokacin da ya juyo kusa da gaɓa, baƙi, mai faɗin baya. Sai ya girgiza kai sau ɗaya ya tofar da kifin katakon ya tafi abinsa. Daga baya na gane dalili: Baba ya goge tsinin ƙugiyoyin da magagari tun a gida, don kada su karce wa kifinsa ciki.

Bai damu ba ko kaɗan. Ya zauna a kan laka da gogaggen wandonsa yana kallon ɓarnar da aka yi wa kifin katakonsa yana dariya. Gefe guda ya goge kamar an bi shi da samfefa, ga wani karce a karkace, ido ɗaya kuma ya fita. Duk hanyar gida a tafin hannunsa ya riƙe shi.

Ranar Asabar na bi shi garejin, don ni ce shaida. Likita ya sa tabarau, ya ɗauko gilashin ƙara girma, ya daɗe yana dubawa, sannan ya miƙa wa na kusa da shi. Kifin ya zagaya tebur kowa na girgiza kai. Likita ya gyara murya ya ce shi dai a bakin mutane ya ci abincinsa har ya tsufa, don haka in ana maganar haƙori a saurara masa. Cizon kifi, in ji shi, sananne ne: huji huɗu, a jere, tazararsu ɗaya. Ya nuna nasa, ya nuna na Tela, ya nuna na Hedimasta, duk bakinsu ɗaya. Wannan kuwa babu tsari a cikinsa.

"Aikin samfefa ne," in ji shi. "Kuma ba mu zaci haka daga gare ka ba."

Na ce a gabana aka yi, na ga kifin. Hedimasta ya ce mini, "'Yata, ai ba a tambayar 'ya shaidar ubanta. Ko ni ne, tawa za ta ce ta gani."

Tela ne ya nemi a yi sassauci, ya ce girma ne, kowa na iya zamewa. Aka yanke cewa Baba ya koma da kifin ya gyara ɓarnar da ya yi masa da hannunsa, ya mayar da shi ruwa. In ya dawo da cizo na gaskiya, an yafe. In babu, kujerar akwai masu jira. Baba ya naɗe kifinsa a hankici, har ya yi musu godiya.

A mota na fashe. Na gaya masa komai, da cokulan matar Tela, da gas ɗin Hedimasta. Na ce ranar Asabar zan kwaso cokulan unguwar nan kaf in zube su a kan koren ƙyallen, a gwada kowane huji da yatsunsa, mu ga ƙarshen ƙarya.

Baba ya bari na gama, sannan ya ce, "Auta, ni da na yi rayuwata a kan fenti, kina ganin ban san karcen ƙarfe ba? Tun ranar da Likita ya kawo nasa na gane. Har na san ɗaya daga yatsun cokalinsa ya ɗan lanƙwashe."

Na tambaye shi me ya sa bai yi magana ba, me kuma ya kai mu tafki muna ciyar da sauro.

Ya ce ya ɗauka in ya kawo na gaskiya, zai zauna da su ba tare da ya yi ƙarya ba, su ma ba tare da an kunyata su ba. Sai da muka wuce masana'antar bulo sannan ya ce, "In na tona musu asiri, da wa zan sha shayi ranar Asabar?"

 Na tuna kujerar bakin taga, na fasa kwaso cokulan.

Washegari da hantsi na ji ƙarar samfefa daga sito. Na leƙa na same shi yana goge wurin da kifin ya ciza, a hankali, har katako ya fito fari. Na roƙe shi ya bar wannan ya ɓata wani, ya ce ai wannan aka ce a gyara. Ya cike karcen, ya sa sabon ido, ya sake fesa koren da azurfar ta cikin gidan saurona, ya shafa ƙyalli. Da ya bushe ya fi da kyau. Sai ya leƙo kicin, bai kalle ni ba, ya ce in ba shi cokali mai yatsu. Na ba shi, na koma na yi kukana a gaban tukunya.

Da yake Baba ba ya aikin ha'inci ko a wajen ƙarya, cizonsa ya fi na kowa. Ya ɗan karkata cokalin, ya ja shi kaɗan ta baya kamar kifin ya yi gardama, har ya ɗiga wani ja a bakin hujin. Likita ya ɗaga shi sama ya ce a zo a ga yadda cizo yake. Aka tafa masa, aka ba shi kujerar kusa da buta. Da idon Likita ya fara rauni, Baba aka naɗa mai tantance cizo, aka damƙa masa gilashin. Sandar fatsar tana bayan ƙofar sito, ba mu sake zuwa tafki ba.

Kwanan baya ya dawo daga gareji bai nemi ƙarin abinci ba. Na tambaya, ya ce wani sabo ne ya zo neman shiga, tsohon direban bas, ya kawo kifi gefe guda a goge, da karce a karkace.

Na ce, "Na gaske ne?"

Ya ce, "Har ƙarni yake yi."

"To, me ka ce?"

"Na ce aikin samfefa ne. Na ba shi mako guda."

Na aje ludayin na tsaya ina kallonsa. Ya ce ya raka mutumin har bakin titi, ya tambaye shi yadda jan ya kasance, mutumin ya yi ta ba shi labari, shi kuma ya saurara har ƙarshe. Matarsa ta rasu bara, 'ya'yan duk suna nesa.

Sannan ya ce, "Naɗe mini cokalin nan a takarda, Auta. Gobe zan kai masa. Ba shi da kowa a gida."