Mangwaron Cikin Hasumiya

Halidu yana tsugune cikin fangalin albasa, yana buɗe wa ruwa hanya, sai ya ji kwalekwale ya daki gaɓa. Bai ɗaga kai ba sai da ya ji muryar Sumana, mai tsibirin, yana yi wa matuƙi faɗa da Zabarmanci.

Sumana ba ya ƙetarowa haka kawai. Tun kafin Faransawa su sauke tutarsu ya ara wa Halidu wurin nan, lokacin da ya zo Yamai daga Tawa, daga shi sai matarsa Hawa da ƙullin iri. Sharaɗin kuwa kowa ya san shi a bakin kogi. Ɗan aro ya noma abin da ya ga dama, amma ba ya haƙa rijiya, ba ya dasa itace. Wanda ya dasa itace ya ce ƙasar tasa ce ke nan.

"Fofo, Baba Sumana. Lafiya dai?"

"Da lafiya ce da na aiko. Dubi bayanka."

Halidu ya san abin da ke bayansa. A ƙarshen tsibirin akwai tsohuwar hasumiyar sojan Faransa, ginin dutse, da ƴan tagogi sirara na zura bindiga. Rufinta ya rufta tun da daɗewa. Bana sai ga ganyen mangwaro ya leƙo ta samanta, kore shar.

"Daga unguwarmu Lamorde ake hango shi," in ji Sumana. "Ƴaƴan ƙanena suka nuna mini. Wai Bahaushe ya cinye tsibiri, tsoho yana barci."

Matuƙin, Yakuba, tsohon soja ne mai yawan surutu. Ya kafe gorarsa cikin laka ya biyo su.

"Na yi gadin irin hasumiyar nan a wani tsibirin teku," ya ce. "Waccan har da igwa. Mun zauna muna jiran jiragen abokan gaba, a zamanina dai ba wanda ya zo sai tsatsa. Gara wannan, ta tsare mangwaro daga awaki."

Ba wanda ya yi dariya. Suka sunkuya suka shiga ta ƴar ƙofar. Ciki da sanyi, ƙasa duk busasshen ganye da kashin jemage. Itacen ya kai cinyar mutum kauri, ya miƙe tsaye yana neman rana, ga fure ya fara fitowa, na farko. Hawa tana zaune a gindinsa tana tsinke ganyen albasar da za ta kai kasuwar Piti Marshe. Ta gaida Sumana, ba ta tashi ba.

"Wa ya dasa?"

"Ni ce, Baba. Nan na binne cibiyar ƴarmu ta fari, na sa ƙwallon mangwaro don in gane wurin. Ruwan da ya sha, a kaina ya hau."

Sumana ya dubi Halidu. "Ka ji? Ga itace, ga cibiya. Gobe idan na mutu, gwamnatin nan sabuwa ta turo mai awo, wa zai ce aro ne?"

"Ni zan ce."

"Kai ma mutuwa za ka yi."

Halidu ya yi lissafi. Albasarsa saura wata guda ta nuna, kuma ba shi da ko taku ɗaya na ƙasa a wani wuri.

"In sare shi yau," ya ce.

Hannun Hawa ya tsaya cikin kwando.

"Ban taɓa sa a sare itace mai fure ba, ba zan fara da furfura ba," in ji Sumana. "Hanya biyu ce. Ko ka cire albasarka ka bar mini wurina, ko itacen ya zama nawa, a gaban shaida. Yakuba, ɗebo ruwa."

Yakuba ya kawo ruwa a ƙwarya. Tsohon ya durƙusa da ƙyar, ya tona gindin itacen da yatsu, ya mai da ƙasar, ya zuba ruwan. Sannan ya ɗaga kai.

"Halidu, wa ya dasa wannan?"

Halidu bai dubi matarsa ba. "Kai ka dasa, Baba Sumana."

"Ɗaga murya, sojan nan kurma ne."

Halidu ya sake faɗa da ƙarfi. Yakuba ya ce ya ji, kuma zai faɗa a masallacin Lamorde ranar Juma'a. Sumana ya goge hannu a rigarsa, ya ce idan mangwaron ya nuna a kai masa gida, ƴaƴan ƙanensa su ci su rufe baki. Ya yi wa albasa addu'a, suka koma kwalekwale.

Halidu ya koma fangalinsa. Ruwa ya riga ya ɓalle ya cika inda ba a so, ya shiga toshewa da laka. Can sai ya ga inuwar Hawa a kansa, kwando bisa kai.

"Malam, ina ka ajiye gatari?"

"Me za ki yi da shi?"

"Ka sani."

Ya ci gaba da danna laka da tafin hannu.

"Da safe da kin sare, da ba mai magana," ya ce. "Yanzu icen Sumana ne. Kika taɓa shi, mun tashi."

Ta dubi hasumiyar. Sannan ta gyara gammo, ta gangara bakin ruwa neman mai ƙetarar da ita kasuwa.