Injin da Ke Haihuwar Mai

Tun da Kyaftin ya karɓi jirgin ruwan nan daga hannun mahaifinsa bakinsa bai huta ba. Sunan Kyaftin ɗin ma shi ya raɗa wa kansa, har da sayo farar hula mai baki, alhali duk aikin jirgin bai wuce kwasar fasinja da buhuna daga wannan gaɓar teku zuwa tsibirin da ke tsallake ba. Tsohon kuwa, da gwiwa ta soma damunsa, Kyaftin ya kafa masa doka cewa kada ya ƙara taka katakon jirgi.

"Baba, ka yi naka. Ka zauna ka huta, injin nan ya samu mai kula da shi."

Tsoho ya miƙa makullin ɗakin inji.

To, ana nan sai wani abin mamaki ya ɓullo. Duk jirgin da ke tashar, injinsa shan baƙin mai yake yi, ana ƙara masa. Na Kyaftin ƙaruwa yake. Duk sanda ya zaro sandar geji, wadda ake auna mai da ita, sai ya ga mai ya haura layi. Ya leƙa tankin ruwan sanyaya inji, shi ma fal, ko ɗigo bai ragu ba. Mai hankali da tsoro zai ji, amma Kyaftin ya ɗauki abin shaidar iya riƙo. Ya samo tiyo ya riƙa zuƙe rarar yana ɗurawa a galan, yana bin teburin mai shayi yana shela: "A zamanin Baba inji ci yake yi. A zamanina haihuwa yake."

Da galan ya cika, sai ya ɗauka ya nufi rumfar Makaniki, abokinsa na ƙuruciya, wanda kusan rabin rayuwarsa a cikin injin jirage ya yi ta. Ba don kirki ya kai masa ba, don tsokana ce.

"Ga kyauta. Tunda injina ya hana ka ciniki, ka rage zafi da wannan."

Makaniki ya buɗe, ya tsiyaya kaɗan a murfi, ya daɗe yana kallo. Abin ya yi kauri, ya yi kalar shayin da aka cika wa madara. Ya ɗiga a kan wani ƙarfe da ke kan wuta, sai ga shi yana tsalle yana ƙara, tas-tas.

"Mai ba ya wannan kukan," in ji shi. "Ruwa ne. Injinka ba haihuwa yake ba, abokina, zawo yake yi ta ciki."

"Baƙin ciki dai."

"Yau ka tayar da shi?"

"Tukuna."

"To kada ka kuskura. Ɗauko min akwatin sifanu."

Ɗakin injin ƙunci gare shi, mutum biyu sai sun yi haƙuri da gwiwar juna. Makaniki ya kwanta a gefe ɗaya, ya zura hannu ƙasan inji, ya sassauta notin da ake zubar da mai. Abin da ya fara fitowa ruwa ne garau, sannan man ya biyo baya. Ya dangwala yatsa ya kai harshe. Kyaftin ya yamutsa fuska.

"Ba gishiri," in ji Makaniki. "Ke nan ba ruwan teku ba ne, na tankinka ne. Yanzu hanya uku ce. Ko tukunyar da ke sanyaya mai ta huje, wannan wasa ne. Ko gaskit, shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, ya ƙone, wannan sai an sha wuya. Ko kuma gangar jikin injin ce ta tsage."

"In ita ce fa?"

"Sai ka nemi masu sayen ƙarfe a kilo."

Nan Kyaftin ya cire hula. Tsoro ya kama shi sosai, kuma ba na rasa sana'a ba ne kawai. Injin nan tsohonsa ya saya tun shi Kyaftin yana rarrafe, kuma har tsohon ya sauka injin bai taɓa barinsa a tsakiyar ruwa ba. Yanzu da wane baki zai shiga gida ya ce, Baba, abin da ka riƙe tsawon rayuwarka na kashe shi, har ina rabon gawarsa a galan?

"Fara da mai arhar," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Ai ba kasuwa muke ba da za ka zaɓa. Amma da ita ake farawa."

Suka kwance tukunyar, wata doguwar aba cike da ƙananan bututu. Makaniki ya toshe baki ɗaya, ya ɗaura tiyon famfon keke a ɗayan, ya nutsa ta cikin bokitin ruwa. "Buga iska. In ka ga kumfa, ka tsira."

Kyaftin ya hau bugu. Mutumin da ko igiyar jirgi sai ya sa fasinja sun kama masa, yau ga shi yana famfo kamar za a ba shi lada, gumi har cikin ido. Bokiti shiru. Ya ƙara ƙaimi yana addu'o'in da ya daɗe bai tuna da su ba. Can sai ga wani ɗan siririn kumfa ya taso, wani ya biyo shi, suka jeru. Kyaftin ya zauna daɓas a kan kwandon shara, yana dariya yana share ido.

Makaniki kuwa bai yi dariya ba. Ya buɗe tankin ruwa yana leƙe. "Abu ɗaya ya tsaya min. Duk ruwan da ya gangara cikin mai, daga nan ya fito. Ya kamata tankin nan ya ƙafe tuntuni, injin ya yi zafi ya kama a tsakiyar teku da mutane a ciki. Ga shi fal. Kuma ruwan da na zuba maka kore ne shar, wannan ya koɗe. Wa ke ƙara masa?"

"Ba kowa. Makulli ɗaya ne, ga shi a wuyana."

Sai suka ji takun sanda a kan katako, a hankali, ƙafa ɗaya na jan ɗaya. Ƙofa ta buɗe. Tsoho ne, da jarkar ruwa a hannu, ga wani tsohon makulli yana reto a igiyar wandonsa. Yau ya makara, ya zaci kamar kullum ɗansa yana wurin mai shayi yana zuba surutu.

Aka tsaya kallon-kallo.

"Iska na fito sha," in ji tsoho.

"Da jarka, Baba?"

Tsoho ya dubi jarkar kamar yanzu wani ya maƙala masa ita. Ya ajiye. "Na ga injin yana shan ruwa fiye da da. Na so in faɗa maka, to amma sai ka tambaye ni yadda aka yi na sani." Ya shafa murfin injin da tafin hannu. "Ka ce in huta. Na gwada, ban iya ba."

Makaniki ya sunkuyar da kai yana goge sifanar da ba ta da datti. "Baba, da ka yi magana da tuni an gyara. Da kuma ba ka zuba ba, da tuni an yi jana'izar injin. Ni dai ban san wanda zan yi wa faɗa ba a cikinku."

"Yi masa," in ji tsoho. "Ni ko geji ya hana ni dubawa, ya ɗauke sandar yana yawo da ita."

Kunya ta rufe Kyaftin, irin wadda ba a yi masa ba tun yana yaro. Ya tashi daga kan kwandon, ya kakkaɓe shi, ya kife, ya kama hannun tsohon ya zaunar da shi kusa da injin. Sannan ya ciro makullin daga wuyansa.

"Riƙe wannan, Baba. Gobe in ka zo, ka shigo da rana tsaka kowa na gani."

Tsoho ya juya makullin a hannu, ya mayar masa. "Ina da nawa," ya ce. "Miƙo min sandar gejin."