Ƙeyar Minista

Shekara ashirin da biyu Mista Trenerry yana zana shafin farko na jaridarmu, bai taɓa rubuta sunan ɗan siyasa a jikin rigarsa don a gane shi ba. Cewa yake duk mai zanen da sai ya liƙa wa mutum suna, gara ya koma rubuta allunan shaguna.

Ni gyaran kurakuran rubutu nake yi. Da na gama jami'a aka ba ni tebur a bayan ƙofa, daura da nasa, daga nan nake kallonsa. In yana zana mutum, sai ya riƙa yin irin fuskar mutumin. Ya kumbura kumatu, ya turo leɓe, ya runtse ido ɗaya. Sau da yawa nakan gane wanda zai sha kashi a makon tun kafin in ga takardar.

A watan Nuwamba na 1913 abubuwa biyu suka haɗe masa. An hana shi shiga majalisa har ƙarshen zama, saboda ya zana shugabanta yana barci ƙuda na leƙa bakinsa. Sannan aka naɗa sabon ministan jirgin ƙasa, wani Mista Wadlow, wanda Trenerry bai taɓa gani ido da ido ba. Hotonsa kawai aka kawo masa: ba gemu, ba tabarau, hanci daidai, baki daidai. Sau uku yana zana shi, sau uku masu karatu suna aiko da wasiƙa suna tambayar wane ne wannan.

Ranar Litinin edita, Mista Kinnear, ya tsaya a kansa ya ce zuwa Alhamis ko dai a gane Wadlow, ko a rubuta sunansa, ko kuma shafin farko ya koma hannun wani mai zane da ke ta aiko da aikinsa daga Sydney.

"Maigida, mutumin nan ba shi da fuska," in ji Trenerry. "Dafaffen dankali ne aka ɗora a kan kwala."

"To zana dankalin, ka rubuta masa suna."

Da edita ya fita, Trenerry ya daɗe yana kallon hoton, fuskarsa ba ta yi kama da ta kowa ba. Can ya juyo ya ce, "Malama mai digiri, me kike yi gobe da rana?" Ya ce shi aka kora, ba a hana mata hawa barandar 'yan kallo ta majalisa ba. Na ce masa ko kofi ban iya zanawa ba. Ya ce ba zane yake nema ba, gulma yake so, in je in kalli fuskar nan in zo in ba shi labarinta.

Na je. Abin da bai sani ba, don bai taɓa hawa can ba, shi ne barandar mata tana sama ne a bayan kujerun gwamnati. Awa uku ina zaune cikin zafi, ban ga komai ba sai bayan mutane. Na yi ta leƙe har wata dattijuwa mai saƙa safa a gefena ta ja mini riga ta ce, "Zauna, 'yata, kada ki faɗo wa gwamnati a ka."

Na koma ofis kunya ta ishe ni. Trenerry yana cin burodinsa mai nama da dankali a ciki. Da na ce ban ga fuskar ba, ya ajiye shi a kan takarda, ya tambaye ni to me na yi awa uku ina kallo.

Na gaya masa a hankali, don ina ganin shirme ne. Ƙeyar ministan ninki uku ce, ja jawur zuwa bakin kwala, irin ta wanda ya yi noma a da. Kunnensa na hagu ya fi na dama buɗewa. Da aka tambaye shi layin dogon da ya yi wa manoman alkama alkawari, sai hannunsa ya zagayo baya ya kama maɓallin bayan kwat ɗinsa yana murzawa, maɓallin da zare ɗaya ya rage masa, ninkin ƙeyar kuma ya zama huɗu. Na ƙara da cewa dattijuwar nan tana ɗaga ido sau ɗaya ta ce ga Wadlow ya shigo, alhali baya ya ba mu.

"Ta gane shi ta baya?"

Na ce haka ne. Na kuma tuna cewa ni ma da na hange shi a titin King William makon da ya wuce, sauri yake yi wasu manoma uku suna binsa riƙe da huluna. Su ma bayansa suka gani, haka duk wanda ke bakin titin.

Trenerry ya ɗaga haɓa, ya tura kafaɗu sama. Na ga yana shafa ƙeyarsa yana ƙirga ninkin da yatsa. Ranar Laraba ya sake aika ni, wai in duba maɓallin na dama ne ko na hagu, da inda wanzami ya tsayar da aski.

Ranar Alhamis da hantsi ya ɗora zanen a teburin edita. Bayan mutum ne ya cika shafin, hannu a kan maɓalli, layin dogo ya ƙare a ƙafafunsa, can ƙasa kuma ga manoma ƙanana zaune kan buhunan alkama. Ba fuska, ba suna.

Kinnear ya ce wannan wayo ne, ba zane ba. Trenerry ya ce a yi yadda aka saba in gardama ta tashi: a nuna wa mutumin farko da ya gifta ƙofa. Muka sauka mu uku. Trenerry ya cusa hannu a aljihu.

Wata mai tallan kifi ce ta fara giftawa da kwandonta. Kinnear ya tsayar da ita ya tambaye ta ko ta san wannan mutumin. Ta goge hannu a zanin gabanta, ta matso da ido.

"Wadlow ne mana. Wai har yanzu matarsa ba ta ɗinke masa maɓallin nan ba?"

Ta tambaya ko muna son kifi. Kinnear ya ce a'a, ya naɗe zanen ya kai wa masu zuba shi a farantin buga jarida da kansa, yana faɗa wa sakatarensa ya rubuta wa mutumin Sydney cewa an gode.

Trenerry ya zauna a kan matakala, ya ce in ba shi minti ɗaya. Na tsaya kusa da shi. Sannan ya tambaye ni yadda ministan kuɗi yake zama a kujerarsa. Na ce ban lura ba.

"Ranar Talata akwai zama," in ji shi.