Gwangwanin Tumatir Ɗaya

Absalom yana gyaran na'urori a wani asibiti a Doha. Shekara shida ke nan bai je Zonkwa ba, kuma a cikin shekarun nan mahaifinsa ya fara mantuwa. Yanzu in ƙanwarsa Gloria ta kai wa tsohon waya, sai ya dubi fuskar Absalom a bidiyo ya gaishe shi da ladabi, kamar baƙo.

Wata Juma'a da safe, a bayan unguwar Asian Town, Absalom ya ga wani tsohon babur, Besfa, jingine a garejin Mutala, wani bakanike mutumin Kumasi. Irin ta Baba ce sak. Tun kafin a haifi Absalom, lokacin da Baba yake malamin asibiti, tasa ce ta farko a Zonkwa. Absalom ya saye ta. Fatansa ɗaya: Baba ya ji ƙararta, ya tuna wanda yake tsayawa a gabansa tsakanin ƙafafunsa in za su coci.

Juma'a uku suna fama da ita, suka sauya fulogi, suka wanke tanki. Ran ta huɗu Mutala ya ɗauko jarkar fetur.

"Tsaya," in ji Absalom. "Irin wannan sai an gauraya fetur da baƙin mai."

"Nawa da nawa, Injiniya?"

"Ban sani ba."

"Kai da kake gyara injin numfashi? Yalla, maza tambayi Babanka mai irinta."

Absalom ya kira gida. Gloria ta ce, "Yaya, yau ko ni bai gane ni ba." Duk da haka ta juya wayar. Baba yana zaune a kujera, ya rame, an rufa masa zane a kafaɗa.

Absalom ya nuna masa babur ɗin. "Baba, baƙin mai nawa ake zubawa?"

Tsohon ya matso da fuska. "Gwangwanin tumatir ɗaya a galan. Ƙaramin. Ka girgiza kafin ka zuba, kada ka kashe mata inji."

Mutala ya samo gwangwani a shagon abinci na kusa. Suka auna, suka girgiza. A bugu na biyar Besfa ta tashi, hayaƙi ya cika garejin.

Baba ya yi dariya, har yana buga gwiwa. Gloria ta rufe baki da hannu.

"Baba, ka tuna wanda yake tsayawa a nan gaba?"

"Absalom mana! Ɗana. Ya tafi ƙasar Larabawa, bai dawo ba." Ya gyara zanensa. "Mai gyara, kana da kirki. In ka gan shi, ka gaya masa ma'aunin nan. Ban koya masa ba."

"Zan gaya masa, Baba."

Mutala ya miƙa hannu zai kashe injin. Absalom ya riƙe hannunsa, domin Baba yana saurare har yanzu.